Na Musanya Motar Pak Cik, Yanzu Cewa Ake Ya Ruɗe

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Kuma ina roƙon masu saurin hannu, kafin ku fara yi mini wankin babban bargo a ƙasan rubutun nan, ku daure ku kai ƙarshe. Ba abin da za ku faɗa mini wanda ban riga na faɗa wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma ta gaggawa, don ranar Alhamis ɗin nan za a kai wani dattijo wurin likitan ƙwaƙwalwa a kan wata magana da yake ta nanatawa. Kowa na cewa ruɗewar tsufa ce. Ni kaɗai na san gaskiya yake faɗa, don ni na yi abin.

Ni 'yar Kano ce, shekarata uku da 'yan watanni a Kuala Lumpur. Maigidana, bari na kira shi Malam, karatun digiri na uku ya kawo shi, ni kuwa rakiya na yo. Muna zaune a unguwar Setapak, hawa na tara a wani dogon bene da ɗaliban Afirka suka yi yawa a cikinsa. Ƙofarmu na kallon ƙofar wani dattijo ɗan ƙasa, Musulmi, ya haura saba'in, kowa Pak Cik yake ce masa, wato kawu a yarensu. Matarsa ta rasu tun kafin mu zo, 'yarsa guda ɗaya, Kak Ros, tana aure a wani gari mai nisa, Ipoh, takan zo lokaci-lokaci. Ni kuwa anak yake ce mini, 'yata ke nan. Da Turanci muke magana, ya haɗa da yarensu, na haɗa da ɗan guntun da na tsinta, mu fahimci juna. Ba zan iya lissafa abin da mutumin nan ya yi mana ba. Lokacin da mai gidan hayarmu ya so ya tashe mu don wasu samari baƙar fata sun yi rigima a hawa na huɗu, alhali ko sanin su ba mu yi ba, Pak Cik ne ya sa hularsa ya je ya tsaya mana. Da na yi ɓari a shekarar farko, Malam yana makaranta, shi ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa zuwa asibiti, yana tuƙi yana yi mini addu'a, kuma sati biyu kullum sai na tarar da ledar abinci rataye a hannun ƙofa. Duk Lahadi da safe shi ke kai mu bakin tafkin Titiwangsa, ya zaga shi da ƙafarsa, ni da ya kusa yin jika da ni ina bayansa ina haki.

Abu ɗaya ne nake yi masa dariya a kai a ɓoye, shi ne motocinsa. A falonsa akwai kabad ɗin gilashi irin wanda iyayenmu ke jera kwanukan tangaran a ciki, shi kuwa ƙananan motocin ƙarfe ya jera, kowacce ba ta wuce tsawon takalmina ba, ƙofofinsu na buɗewa, sitiyari na juyawa. Ashe a shekarunsa na ƙarfi yana cikin masu aikin sa kai a filin tseren motoci, masu tsayawa a gefen hanya riƙe da tuta. Kuma ba kowace mota yake tarawa ba, iri ɗaya ce, wadda suke kira pace car, mai fitilu a ka, wadda ke fitowa ta shiga gaban motocin tsere idan an yi hatsari ko ruwan sama ya yi yawa, duk su jeru a bayanta su rage gudu, ba mai wuce ta har a gyara hanya. Yakan ce sauran duk neman wuce juna suke, ita kaɗai ke fitowa don kowa ya koma gida da ransa. In ya fara labarin nan shi da Malam sai su share awa guda, ni kuwa sai na sulale kicin abina. Har a waya na taɓa ba Ummata labari muna ƙyalƙyala dariya, wai ga tsoho da furfura yana wasa da motocin yara. Da na zauna ko sau ɗaya na saurara, da yau ba na wannan rubutun.

Wata biyu da suka wuce Kak Ros ta ɗauke shi suka tafi Umara. Daidai lokacin ruwa na ɗiga daga gidan sama zuwa falonsa, masu gyara za su fasa silin bayan tafiyarsa, sai ya kwaso motocin a kwalayensu ya kawo mana ajiya. Guda ɗaya ce bai sa a kwali ba, wata rawaya, ya naɗo ta a tawul ya rungumo ta da hannu biyu kamar jaririya, ya ɗora a saman durowarmu da kansa, ya ce, "Amana, anak." Na ce ya je ya dawo lafiya, kada ya manta da ni a addu'a.

To ni fa Allah ya jarabce ni da tsafta. A gidanmu haka aka tashe mu: in maƙwabciya ta ara miki tukunya, ba ki mayar da ita yadda ta zo, sai kin dirje gindinta tana ƙyalli, in ba haka ba Umma ta ce kin zubar mata da mutunci a unguwa. Kwana biyu da tafiyarsa, da hantsi, Malam ya fita, na gama shara da guga, idona ya sauka kan tawul ɗin nan. Na ce bari na leƙa kawai. Ina buɗewa na ga ƙura ta maƙale a lungun tayoyi, sannan a kan rufin motar, kusa da fitilun, ga wani jagwalgwalo da baƙin alƙalamin nan mai kauri, ba kai ba gindi. Na ce haba, jikokin tsohon nan ba su da kirki, sun samu motar da ya fi so sun ɓata masa, shi kuma ido ya yi rauni ya kasa gogewa. Wallahi har wani daɗi na ji a raina, na ce ga damar da zan saka masa ko da kaɗan. Na sa ruwan sabulu, bai fita ba. Sai na tuna yadda muke yi in biro ya ɓata jaka, na ɗauko turarena mai feshi, na fesa, na sa auduga na murza. Ya fita tas. Amma bai fita shi kaɗai ba. Shekin fentin ya bi shi, wurin ya dushe kamar fatar da ta sha man bilicin, rubutun da ke gefen rufin ya narke rabi, gilashin fitilun ya yi fari. Na ƙara fesawa wai in daidaita, abin ya ƙara lalacewa. Na naɗe ta a tawul na mayar, ina lallashin kaina da cewa ai motar wasa ce, in ya dawo zan ba shi haƙuri mu yi dariya.

Da yamma muna cin abinci Malam ya ɗaga kai ya kalli saman durowa, ya ce, "Kin ga waccan rawayar, ko goge ƙurarta kada ki yi fa, na san halinki. Signature ɗin da ke kan rufinta na direban da ya tuƙa ta gasken ne. Ranar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Pak Cik ya wuni a tsaye da tuta, da aka tashi matarsa ce ta kutsa cikin mutane da motar a hannu har ta sa mutumin ya sa hannu. Pak Cik ya ce in gobara ta tashi ita zai fara ɗauka kafin passport." Loma ce a bakina, na rasa ta inda zan haɗiye ta. Ya ce, "Lafiya?" Na ce yaji ne ya shiga mini. Me ya hana ni faɗa a lokacin? Kalma nawa ce? Ga mijina a gabana, ba duka zai yi ba, iyaka ya yi faɗa ya huce. Amma na kalli fuskarsa na ji ba zan iya zama wawuyar da ta goge abin da matar mutum ta bar masa da turaren feshi ba, sai na tashi na kwashe kwanuka.

Daga nan shaiɗan ya karɓi sitiyarin. A wayar Malam akwai hoton Pak Cik riƙe da motar, rufin ya fito sarai, na tura wa kaina. Washegari na hau jirgin ƙasa, na sauka na canza wani, har Bukit Bintang, inda ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Na yi ta hawa da sauka a manyan kantunan nan ina nuna wa mutane hoto, ƙafata har ta yi zafi, sai a wani hawa na sama na samu ƙaramin shago cike da irin motocin nan. Mai shagon, wani ɗan Caina mai tabarau, ya kalli hoton, ya kalli hijabina, ya ce tsohuwar fita ce amma zai nemo, in dawo bayan sati. Na dawo, ga ta fil a kwali, ba ta da maraba da waccan kafin na taɓa ta. Saura sa hannu. Ni kuwa mai zanen lalle ce, matan 'yan Najeriya da ke nan wurina suke zuwa in biki ko Sallah ta matso, hannuna ba ya rawa, abin da idona ya gani sai na fitar da shi. Na sayi irin alƙalamin, na cika littafi guda da sa hannun mutumin da ban san ko sunansa ba, in Malam ya fita in fara, in na ji motsin makulli in tura ƙarƙashin katifa. Ranar da na zana shi a kan rufin na ajiye kusa da hoton, ni kaina na kasa bambancewa. Kuma Anti, abin da ya fi ba ni kunya ke nan, a lokacin har alfahari na ji. Ta ainihin na kasa jefarwa, na cusa ta ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba, tana nan har yanzu.

Suka dawo lafiya. Ya kawo mini dabino da zamzam da darduma mai laushi, ya ce ya ambaci sunana a gaban Ka'aba, ya roƙa mini haihuwa. Na karɓa da hannu biyu, na miƙa masa tawul ɗinsa. Kwana biyu shiru, har na fara sakin jiki. Rana ta uku, Asabar ce, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa. Pak Cik ne da motar a hannu, Kak Ros na bayansa, don ba ta riga ta koma ba. Bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba. Ya ce, "Ku gafarce ni, wannan ba tawa ba ce."

Malam ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Pak Cik ya buɗe ƙofar direba da ɗan yatsa ya rufe, ta ce ƙas. Ya ce tasa ba ta yin haka, tun ranar da ta suɓuce wa matarsa ƙofar ta ɗan saki, sai an ɗaga ta kaɗan take shiga. Yaya zan san wannan? A hoto ake ganin ƙofar da ta saki? Kak Ros ta karɓa ta juya ta, ta fito da wayarta ta nemo wani tsohon hoto, ta kara su. Ta ce, "Ayah," haka suke ce wa uba, "duba mana, ga sa hannun nan, har inda ya lanƙwasa. Ita ce dai. Wataƙila kai ka gyara ƙofar ka manta." Ya ce bai gyara ba, kuma ba zai taɓa gyarawa ba. Nan Malam ya ga abin na neman zama zargi, ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi tallahi Pak Cik, ko tawul ɗin nan ba wanda ya kwance. Matata ma ko kallon motocin nan ba ta yi." Mijina ya rantse da Allah a kan ƙaryata, ina tsaye a bayansa riƙe da labule. Pak Cik ya ce shi bai ce mun ɗauka ba, Allah ya tsare shi da zargin 'ya'yansa, bai san yadda aka yi ba, abin da ya sani kawai ba ita ba ce. Kak Ros ta kalle ni ta bayan kansa ta girgiza kai a hankali, irin na ki yi haƙuri da shi, ni kuma na gyaɗa mata.

Ashe ita dama tana da nata a ƙasa. Daga baya ta same ni a kicin ta zayyana mini: a Makka ya fita daga masauki ya ɓata kusan awa guda, kafin tafiyarsu ya taɓa barin tukunya a kan wuta har ta ƙone, yanzu kuma ga wannan. Ta ce ta karanta cewa haka ciwon ke farawa, tsoho ya dinga cewa an musanya masa kayansa. Na so in ce mata wa bai taɓa ɓata a Makka ba? Yayata mai shekara arba'in sai da ta yi kuka a bakin ƙofar Harami don ta rasa hanya. Tukunya kuwa nawa na ƙona a gidan nan ina kallon waya? Amma in na kare shi a kan waɗannan, sai ta tambaye ni to motar fa? Sai na ce Allah ya ba shi lafiya.

Shi kuwa bai daina ba. Ya faɗa wa mutanen surau, ƙaramin masallacin da ke ƙasan benenmu, ya faɗa wa mai kantin da yake sayen jarida, duk wanda ya zo gaishe shi da dawowa sai ya buɗe masa ƙofar motar nan ya rufe. Mutane suka fara yi masa irin maganar da ake yi wa yaro, ana to, to, Pak Cik, ana haɗa ido. Ina ji daga ƙofata. Wata rana da rana tsaka na fito zubar da shara, na tarar da shi zaune a kujerar robar da ke bakin ƙofarsa, motar a cinyarsa. Ya ce, "Anak, zo. Ke mai zane ce, idonki ya fi na kowa a benen nan. Ta kwana biyu a ɗakinki. Dube ta da kyau, ki gaya mini tsakaninki da Allah, ita ce?" Ba kowa a wurin, daga ni sai shi. Ba Malam, ba Kak Ros, ba wanda zai ji. Na karɓa, na juya ta kamar mai dubawa da gaske, ina kallon zanen hannuna a kan rufin. Na ce, "Ita ce, Pak Cik." Sai ya ce, "To ni ne ke nan." Ya karɓi abarsa ya shiga ciki ya rufe ƙofa a hankali.

Tun daga ranar bai sake ta da maganar ba, kuma tun daga ranar ya zama wani mutum. A satin ya miƙa wa Kak Ros makullin motarsa ta hawa da kansa, ya ce kada ya kashe ɗan wani a hanya. Tana nan a ƙasa an rufe ta da tampol, mutumin da kullum da safe sai ya wanke ta. Zuwa Titiwangsa ya ƙare. Da yakan yi kiran salla a surau in ladan bai zo ba, yanzu ya ce a nemi wani, yana tsoron ya tsaya a tsakiya. Ya bi gidansa ya manna 'yan takardu, a jikin murhu, a jikin ƙofa, a jikin kabad ɗin motocin ma ya rubuta adadinsu. In ya kulle ƙofa sai ya dawo sau uku ya murɗa. Shekaranjiya ya tare ni ya ce yau Lahadi ce ko, na ce eh, ya ce ya sani, so yake ya tabbatar. Ya rame, Anti. Mutumin da ke tafiya ina binsa da gudu yanzu jan ƙafa yake. Ni na yi masa wannan, da bakina, a kan ƙofar motar da ba ta kai ɗan yatsana ba. Wace irin mace ce ke yin haka ga wanda ya kai ta asibiti tana zubar da jini?

Kada ku ce ban gwada ba. Na zaunar da Malam, na fara da cewa, "Malam, in da a ce motar nan da gaske ba ita ba ce fa?" Ko ɗago kai bai yi daga kwamfuta ba. Ya ce, "Don Allah Hajiya kada ke ma ki fara. Supervisor ya dawo mini da chapter five gaba ɗaya. Kuma ki gode wa Allah 'yarsa mai hankali ce. Kin san yadda ake kallon mu a benen nan, da wani abu ya ɓata a hannunmu da gaske, wallahi ba mu kaɗai ba, duk wani ɗan Najeriya da ke nan sai ya ji a jikinsa. Ni da na rantse masa, da wane ido zan kalle shi?" Na ce haka ne. Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Na yi tunanin in ajiye ta ainihin a bakin ƙofarsa in gudu, amma wa zai ajiye in ba mu ba? Na yi tunanin in rubuta takarda in tura ta ƙarƙashin ƙofa, na rubuta har sau huɗu ina yagawa. Na yi istigfari har bakina ya gaji, amma na sani haƙƙin mutum ne, ba tsakanina da Allah kaɗai ba ne. Abinci ba ya shiga, in na zauna in tashi, in na tashi in zauna, na goge gidan nan har tayil ya fara santsi. In na ji an buɗe ƙofarsa gabana ya faɗi, in na daɗe ban ji ba ma gabana ya faɗi.

Akwai kuma wata muguwar murya a raina da ke cewa ai wataƙila da gaske ya fara mantuwa, tukunyar ai ba ni na ƙona ba, likita zai taimake shi, zama wurin 'yarsa ma ya fi masa. Nakan saurare ta, don tana ba ni numfashi na minti biyar. Sai in tuna ko da ya manta komai na duniya, a kan wannan abu ɗaya dai daidai yake, ya gane taɓawar hannun matarsa a jikin ƙarfe, ni kuma na dube shi na ce ƙwaƙwalwarsa ce ke yi masa ƙarya. Kuma in na faɗa, me zan miƙa masa? Mota mai dusasshen rufi, ba sa hannu, ba komai. Wannan ba zai dawo ba har abada. Zai samu hankalinsa ya rasa abin da matarsa ta bar masa, ya kuma rasa 'yar da yake tsammani yana da ita a ƙofar gabansa. Malam zai san na bar shi ya rantse. Kak Ros za ta san na zauna da ita a kicin ina cewa Allah ya ba shi lafiya. Labarin zai zaga benen kafin la'asar, kuma ba za a ce wata mata ta yi kuskure da turare ba, cewa za a yi 'yar Najeriya ta saci motar tsoho ta yi sa hannun jabu, kuma rabin maganar gaskiya ne.

Jiya Kak Ros ta zo daga Ipoh. Ta shigo wurina da ledar kayan zaƙinsu, ta zauna a kan dardumata ta yi kuka. Ta ce ranar Alhamis za su ga likita, in ya tabbatar, ƙarshen wata za ta kwashe shi ya koma wurinta, a saki gidan da ya zauna da mahaifiyarta shekara talatin. Ta ce shi ba ya so, amma ya daina musu. Sannan ta riƙe hannuna ta ce likitan ya nemi a zo da wanda ke ganin sa kullum, wanda zai faɗi abin da ya lura da shi, ita tana nesa, Malam yana makaranta, ni ce ke gida. Na fara kame-kame, na ce Turancina ba shi da ƙarfi. Ta ce ba ita ta zaɓe ni ba, shi ne. Da ta tambaye shi wa za a kira, cewa ya yi, "A kira anak, ita ko abin bai yi mini daɗi ba za ta faɗa, ta riga ta taɓa faɗa mini." Ta ce, "Boleh?" wato za ki iya? Na buɗe baki na ji kaina ina cewa boleh.

Yau Talata. Saura kwana biyu in zauna a gaban likita, tsohon nan a gefena, a tambaye ni abin da na gani. Jama'a, in fara da Malam ne, ko in tsallaka in ƙwanƙwasa wa Pak Cik da motar a hannuna ya ji daga bakina kafin kowa? In kira Kak Ros gefe? Wanda ya san addini ya gaya mini abin da ke kaina da abin da ke kan mijina game da rantsuwar nan. Wadda ta taɓa tona wa kanta asiri a ƙasar mutane ta gaya mini da wace kalma ake farawa, don ni na tsaya a bakin ƙofarsa sau biyu yau da safe, hannuna a sama, na kasa bugawa. Ku zage ni in kun so, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Don Allah, me zan yi?